Su Wa Ke Bayan Dokin Napoleon?

Jiya da daddare wani abokina da muka yi jami'a tare ya sake ɗora hoton nan a shafinsa. Ko ba ku san sunansa ba, na tabbata kun taɓa cin karo da shi: Napoleon a kan farin doki, da doguwar kwat ruwan toka, ya cusa hannu ɗaya cikin ƙirjin rigar, manyan hafsoshinsa na biye da shi a kan dawakai cikin taɓo da dusar ƙanƙara, sama ta yi duhu kamar hadari ya taso. A ƙasa abokin nawa ya rubuta cewa haka Faransa ta gudo daga Mosko, haka kuma ta gudo daga Yamai da Njamena. Mutane suka yi ta sheƙa dariya a wajen sharhi. Tun Disambar 2023 da sojan Faransa na ƙarshe ya bar Nijar, na ga hoton nan da irin wannan rubutu ya fi sau goma.

Na so in wuce abina, don na san halin dandalin nan, da ka ce uffan sai a ce kai yaron Faransa ne. To ni dai ko ɗan uwa ba ni da shi a Paris, ban ma taɓa zuwa ba, albashina kuma da naira ake biyana in wata ya yi. Amma hoton nan ya daɗe yana tsaya mini a rai, don duk lokacin da na kalle shi sai in tuna da wani aiki da na taɓa yi a ofis wanda har yau nake jin kunyarsa. Zan zo kan wannan.

Bari in fara da ɗan gyara. Zanen nan ba komowa daga Mosko yake nunawa ba. Ta Mosko a 1812 aka yi ta. Wannan 1814 ne, kuma a cikin ƙasar Faransa kanta, arewa maso gabashin Paris. Abin da aka fi ɗauka shi ne yana nuna Napoleon yana ja da baya bayan karon da aka yi a garin Laon ranakun 9 da 10 ga Maris, inda dakarun Blücher, tsohon kwamandan Prusiya, waɗanda suka kusa ninka nasa biyu, suka hana shi wucewa. Bayan sati uku Paris ta faɗa hannun abokan gaba. Ranar 6 ga Afrilu ya yi murabus. Wato mutumin da kuke gani a kan dokin nan, abin da ya rage masa a kan mulki bai cika wata guda ba.

Wanda ya yi zanen sunansa Ernest Meissonier. A Lyon aka haife shi a 1815, shekara guda bayan abin ya faru, ka ga ke nan bai gani da idonsa ba. Sai a 1864, bayan shekara hamsin cif, ya fito da shi a babban baje kolin zane-zane na Paris. Yanzu yana rataye a gidan adana kayan tarihi na Orsay. Wani abin mamaki, ɗan ƙarami ne. A kan katako aka yi shi, faɗinsa santimita 76 da rabi, tsayinsa 51 da rabi, bai kai saman teburin da nake aiki a kai ba.

Mutumin nan ya sha wahala a kan aikinsa, wannan dole a ba shi. Ya sa an ɗinka masa kwat irin ta Napoleon sak, ya saka ta ya hau dokin katako yana kallon kansa a madubi don ya ga yadda rigar ke kwanciya a kan sirdi. Ya ƙera ƙananan dawakai da kakin zuma. Ya jira har dusar ƙanƙara ta sauka a gidansa da ke Poissy, ya sa aka tattake ta da dawakai da amalanke, ya zauna cikin sanyin yana zana yadda sawu ke zama a cikin taɓo. In da ma'aikatanmu na bin diddigin aiki kamar haka, da tuni mun wuce wurin.

To amma ku buɗe hoton a wayarku, ku jawo shi kusa, ku ga a kan wa aka kashe duk wannan ƙwazon. Fuskar Napoleon ta fito tar, ya ɗaure ta, ido na kallon gaba, kai ka ce shi aka zalunta. Bayansa ga Ney, ga Berthier, ga sauran janar-janar, kowa da kamanninsa, har gajiyar da ke idonsu ana gani. Jijiyar ƙafar doki ma an fitar da ita. Yanzu ku nemo sojan ƙasa. Suna nan, can nesa a gefe, a jere, sun yi dishi-dishi kamar hayaƙi. Ba za ka iya ɗaukar ɗaya daga cikinsu ka ce ga fuskarsa ba. Babu gawa ko ɗaya a hoton. Babu mai rauni a kwance, babu ƙauyen da aka ƙone, babu manomin da aka kwashe wa hatsi. Sai wata hular soja da ta faɗi a kan ƙanƙara, mai ita kuwa ko oho.

Abin da hoton ke yi wa mai kallo shi ne ya sa shi ya tausaya wa Napoleon. Ni kaina ranar da na fara ganinsa sai da na ce Allah sarki. Daga baya ne na tambayi kaina, to su waɗancan na cikin hayaƙin su wane ne, kuma wa ya kawo su nan?

Ga amsar. A watan Yunin 1812 Napoleon ya ƙetara kogin Niemen ya shiga Rasha da runduna ta sama da mutum 400,000, ban da waɗanda suka biyo baya. Ya shiga Mosko a watan Satumba, garin ya kama da wuta, ya zauna sati biyar yana jiran sarkin Rasha ya nemi sulhu, shiru. Ya juyo a watan Oktoba. Yunwa da sanyi da cuta da harin 'yan Rasha suka cinye rundunar a hanya. Ya dawo ya tara wata sabuwa, ita ma aka ragargaza ta a Leipzig a Oktoban 1813. Da 1814 ta kama, gogaggun sojojinsa akasari suna ƙarƙashin ƙasa, sai aka koma ɗebo yara 'yan shekara sha takwas, sha tara, daga ƙauyuka, wasunsu ko ɗura bindiga ba su iya ba. Har laƙabi aka yi musu, ana ce musu 'yan Marie-Louise, saboda matar Napoleon ce ta sa hannu a takardar kiransu lokacin tana riƙon ƙwarya. Su ne hayaƙin nan da kuke gani. Kowane ɗaya da uwarsa a wani ƙauye tana jira.

Hausawa sun ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, kuma gaskiya ne. Janyewa dabara ce ta yaƙi, kwamandan da bai iya ta ba mutanensa yake ƙararwa. Shi ya sa ni ba na ganin abin dariya a ja da bayan soja. Tambayata kullum ita ce yaushe aka ja, kuma me aka ƙi karɓa kafin a ja. A watan Nuwamban 1813, daga birnin Frankfurt, abokan gabar Napoleon sun yi masa tayin ya tsaya a iyakar kogin Rhine da duwatsun Alps da na Pyrenees, ya ci gaba da sarautarsa. Wannan Faransa ce da ta fi ta yau girma. Ya yi ta jan ƙafa har tayin ya wuce shi. Na san akwai masana da ke cewa tayin ma ba da zuciya ɗaya aka yi ba, to amma shi ma bai yi saurin gwada su ba. A watan Fabrairun 1814 aka sake zama a Châtillon, wannan karon da sharuɗɗan da suka fi tsauri. Ana cikin zaman ya ci wasu yaƙe-yaƙe huɗu cikin 'yan kwanaki, a Champaubert da Montmirail da Château-Thierry da Vauchamps, sai kansa ya sake kumbura, ya ƙi sassautowa. Duk yaron da ya mutu a Laon bayan wannan ya mutu. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan wasu ruwan ya doka, shi tsuntsun aka ba shi tsibirin Elba ya je ya yi sarauta.

Ney ɗin nan da ke biye da shi a hoton kamar ba zai taɓa rabuwa da shi ba, shi ne ya jagoranci manyan hafsoshin da suka same shi a Fontainebleau farkon Afrilu suka ce masa sojoji ba za su ƙara tafiya ba. Mai zanen ya san da wannan sarai. Ya zaɓi ya tsayar da agogo kafin a kai wurin.

Ba Meissonier ne ya ƙirƙiro wannan salon ba, daga mai gidan ya gada. Napoleon yana da sanarwar yaƙi da yake aikawa gida a buga a jarida, kuma ta yi ƙaurin suna har Faransawan lokacin suka mayar da ita karin magana, in mutum ya shara ƙarya sai a ce ya yi ta kamar sanarwar soja. Wadda ta fi shahara ita ce ta 29, mai ɗauke da kwanan wata 3 ga Disamba, 1812. A cikinta an amsa cewa an yi asara mai yawa, amma aka ɗora kusan duk laifin a kan sanyi, aka kuma rufe ta da cewa lafiyar mai martaba ba ta taɓa kai haka kyau ba. Ka ji fa. Dubun dubatan mutane sun daskare a hanya, labarin ƙarshe shi ne oga yana nan garau. Bayan kwana biyu ya bar ragowar rundunar a Smorgon ya yi gaba zuwa Paris.

Yanzu in zo kan nawa. Shekarun baya an yi wani shiri a ma'aikatar da nake, ba zan faɗi sunanta ba. An ƙaddamar da shi da kaɗe-kaɗe, aka ɗebi matasa aikin wucin gadi aka tura su ƙauyuka. Tun wata na huɗu mu na ƙasa muka ga abin ba zai kai ba, muka rubuta a fayil. Fayil ya hau sama ya dawo da kalma ɗaya, a ci gaba. Aka ci gaba har kuɗi suka ƙare, aka naɗe tabarma shiru, yaran nan na bin bashin alawus na watanni. Ni aka ba aikin rubuta rahoton rufewa. Daftarin farko na sa jerin sunayensu da abin da kowa ke bi a shafi na biyu. Aka kira ni aka ce, Malam, ai wannan sai ya koma rataye a baya. A daftari na uku ratayen ma ya ɓace. Abin da ya fita shi ne littafi mai sheƙi, hoton oga a bango ya riƙe haɓa yana tunani, a ciki kuma an ce duk da ɗimbin ƙalubale, shugabanci ya nuna jajircewa. Babu ƙarya ko ɗaya a rahoton nan, wallahi. Kowace jimla za ta iya tsayawa a gaban kwamiti. Kawai dai na san wanda na fito da fuskarsa da waɗanda na mayar hayaƙi. Har yau akwai ɗaya daga cikin yaran da nake haɗuwa da shi a masallacin Juma'a, yana gaishe ni da ladabi, ni kuma ina kawar da ido.

Shi ya sa in na kalli zanen Meissonier nake ganin abokin sana'a. Rahoton rufewa ya rubuta, sai dai shi da fenti ya yi nasa, kuma ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba.

Wani zai ce, ai ko banza Faransawa sun yi ƙoƙari, sun zana ranar faɗuwarsu sun rataye, wasu ƙasashen ko ambaton tasu ba sa yi. Na yarda da rabin wannan. Amma mu duba abin da ya biyo baya. Lokacin da aka baje zanen a 1864, wanda ke mulkin Faransa Napoleon na Uku ne, ɗan ɗan'uwan wancan, wanda da sunan baffansa ya hau. A daidai lokacin sojojinsa na Meziko a wani yaƙin da ya ƙare da janyewa a 1867. Jama'ar Paris suka yi ta layi suna kallon zanen suna yaba kyansa. Bayan shekara shida, ranar 2 ga Satumban 1870, shi ma ya miƙa wuya ga Prusiya a Sedan da dubun dubatan sojojinsa. Da zanen darasi ne, da wani ya ɗauka. A 1890 wani attajiri mai babban kanti a Paris, Alfred Chauchard, ya saye shi a kan faran 850,000, kuɗin da a lokacin ya girgiza kasuwar zane. Ba na jin zai biya haka a kan hoton yaro ɗan sha takwas da ƙafarsa ta ruɓe da sanyi.

To mu dawo kan maganar abokina ta Yamai da Njamena, don a nan ne yake da ɗan gaskiya, ko da ba ta inda yake zato ba. Faransa ta shiga Mali a Janairun 2013, har shugabanta François Hollande ya je Tumbuktu a watan Fabrairu ana yi masa tafi. A 2014 aka faɗaɗa aikin aka sa masa suna Barkhane, a wani lokaci sojojin sun haura 5,000. Suka bar Mali a Agustan 2022, Burkina Faso a Fabrairun 2023, Nijar a Disambar 2023, Chadi a ƙarshen Janairun 2025. A Paris an fi son a kira wannan sake fasali. Sun san adadin sojojinsu da suka mutu a Sahel, 58, da sunayensu da hotunansu, kuma haƙƙinsu ne su girmama su. Amma mutanen ƙauyen Bounti a Mali, waɗanda binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce fararen hula 19 ne harin jirgin Faransa ya kashe a wurin biki a Janairun 2021, Faransa kuma ta musanta, a wane gefen hoton suke? Masu zanga-zangar da suka mutu a Tera a Nuwamban 2021 lokacin da ayarin motocin sojan Faransa ke wucewa fa?

Sai dai kada mu yi saurin tafa wa kanmu. Hoton da ɓangarenmu ke yaɗawa shi ma irin ginin Meissonier gare shi, sai dai an canja wanda ke kan dokin. Yanzu wasu shugabanni ne cikin kaki a gaba, fuska tar, tuta na kaɗawa. Ni ba na cikin masu kukan tafiyar sojan Faransa. Ƙasa na da ikon ta ce wa baƙon soja ya tafi, kuma shekara goma sun isa a gane ko magani na aiki. Amma ƙauyukan Tillaberi da ake ta kai wa hari kafin su tafi da bayan sun tafi, da ƙananan sojojin Nijar da ke mutuwa a iyakar Mali da Burkina, da 'yan kasuwarmu na Jibiya da Illela da Maigatari da suka ga ta kansu lokacin da aka rufe iyaka a 2023, duk suna can baya sun yi dishi-dishi. A hoton Paris ba su fito ba, a wanda muke ɗorawa muna dariya ma ba su fito ba.

Akwai wani Bafaranshe da nake so ku nemo aikinsa, kuma ina alfahari da cewa ma'aikacin gwamnati ne irina. Sunansa Charles Minard, injiniyan hanyoyi da gadoji. A 1869, shekara biyar bayan zanen Meissonier, yana ɗan fansho mai shekara 88, ya zana taswirar tafiyar Rasha ta 1812. Babu doki, babu kwat, babu fuskar kowa. Layi ne mai kauri da ya taso daga kogin Niemen, kaurinsa na nuna yawan mutane, 422,000. Yana tafiya gabas yana sirancewa, ya isa Mosko da 100,000. Sai ya juyo da baƙin launi, a ƙasansa an rubuta ma'aunin sanyin ranakun, yana ta ƙanƙancewa, a kogin Berezina ya yanke kusan rabi, ya dawo inda ya faro kamar zare, 10,000. Masana na gardama a kan wasu alƙaluman nasa, amma a duk faɗin takardar ko sau ɗaya bai rubuta sunan Napoleon ba.

Na tura wa abokina taswirar da asuba, na ce ya ɗora ta kusa da wancan hoton. Ya amsa mini da cewa wannan ba za ta samu masu sharhi ba, ba ta da armashi. Na ce haka ne. Daftarina na farko, mai jerin sunayen yaran nan, yana nan a kwamfutata, na buɗe shi ɗazu kafin in fara wannan rubutun. Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan buga shi in sake kai wa sama, ko da zai dawo mini da kalma ɗaya.